Mace A Kujerar Shugabanci Da Almundahanar Kamfanoni

(Wannan shi ne jawabin da aka gabatar a taron lacca na reshen mata na ƙungiyarmu. Mun buga shi kamar yadda aka faɗe shi, domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.)



Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da ku da kuka rufe shaguna da rumfuna kuka zo. Abin da aka ce in yi magana a kai shi ne dangantakar matan da suka kai manyan muƙamai a kamfanoni da irin ɓarnar da ake tafkawa a cikin kamfanonin, wato zamba, da maguɗin lissafi, da rub-da-ciki da dukiyar jama'a. Wani zai ce ina ruwanmu da wannan, mu da muke fama da goro da shanu da tumatir da albasa? To, ai muna da ruwa da tsaki a ciki. Cinikin da muke yi a banki muke zuba shi. Akwai waɗanda suka sayi hannun jarin bankuna lokacin da ake rububinsa kafin 2008. 'Ya'yanmu mata yanzu suna karatun akanta da aikin lauya, gobe su ne za su zauna a waɗannan ofisoshi. Sa'an nan ita kanta ƙungiyarmu tana da asusu.

In aka tayar da wannan magana, mutane sukan kasu biyu. Wasu su ce a miƙa wa mace makulli kowa ya je ya yi barci, don mace ba ta sata. Wasu kuma su ce kai, mace in ta sami iko ai ta fi namiji haɗari. Ni abin da zan roƙa shi ne mu ajiye waɗannan biyun tukuna, mu dubi abin da ya faru a zahiri.

Bari mu fara da Amurka, inda aka yi manyan badaƙaloli biyu a jere. Akwai wani kamfanin makamashi mai suna Enron, wanda a 2001 ake lissafa shi na bakwai a girma a duk ƙasar. Shugabanninsa sun ƙirƙiro wasu ƙananan kamfanoni a gefe suna ɓoye bashi a cikinsu, don littafin babban kamfanin ya riƙa nuna riba. A watan Agusta na 2001 wata mataimakiyar shugaba, akanta, mai suna Sherron Watkins, ta rubuta wa shugaban kamfanin, Kenneth Lay, takarda tana gargaɗinsa cewa wannan lissafi zai rusa su. Me aka yi? Ba a gyara ba. Har ma an nemi shawarar lauyoyi a kan abin da zai biyo baya in aka sallame ta. Ran 2 ga Disamba na wannan shekara kamfanin ya durƙushe. Hannun jarin da ya taɓa kai dala 90 ya koma bai kai dala ɗaya ba, dubban ma'aikata suka rasa aiki, da yawansu har da kuɗin fanshonsu.

Wata shida bayan haka sai ga na biyu, kamfanin tarho mai suna WorldCom. Su kuma dabararsu mai sauƙin ganewa ce. Kuɗin da suke biya na hayar layukan waya, wanda kuɗi ne da ya fita ya tafi, sai su rubuta shi a matsayin jarin da aka zuba. Kamar mai shago ne ya biya kuɗin haya, sa'an nan ya rubuta a littafi cewa kaya ne ya saya suna nan jibge a sito. Kun ga littafi zai nuna riba alhali aljihu wayam. Shugabar sashen binciken kuɗi na cikin gida, Cynthia Cooper, ita ta gano. Ita da 'yan ma'aikatanta suka riƙa bin lissafin da dare a asirce. Babban jami'in kuɗi ya ce ta ɗage binciken, ta ƙi, ta kai maganar gaban kwamitin daraktoci. A watan Yuni na 2002 aka bayyana maguɗin dala miliyan dubu 3.8, abin da 'yan boko ke kira biliyan, daga baya adadin ya kai wajen miliyan dubu 11. Shugaban kamfanin, Bernard Ebbers, an yanke masa shekara 25 a 2005. A ƙarshen 2002 mujallar Time ta zaɓi Watkins da Cooper, tare da wata jami'ar hukumar FBI mai suna Coleen Rowley, a matsayin gwarazan shekara.

Na ga iyayena mata suna murmushi. To ku dakata, da saura. A cikin wannan kamfani na WorldCom akwai wata akanta mai suna Betty Vinson. Ita aka umarta ta shigar da alƙaluman ƙarya. Ta san ba daidai ba ne, har ta yi tunanin ajiye aiki, amma ta zauna ta ci gaba da shigarwa. A 2005 kotu ta ɗaure ta wata biyar. Kamfani ɗaya, mata biyu, ɗaya ta rubuta ƙarya, ɗaya ta tona. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu me masu bincike suka gano? Wasu malaman jami'a a Amurka, babbansu Darrell Steffensmeier, sun tattara manyan shari'o'in zambar kamfanoni guda 83, suka buga sakamakon a 2013. Cikin mutum 436 da aka tuhuma, mata ba su wuce kashi 9 cikin ɗari ba. Waɗanda aka samu ɗin ma, da wuya ka ga mace ce ta kitsa abin. Ko dai tana da kusanci da wanda ya kitsa, ko kuwa tana zaune a kujerar da dole takarda ta bi ta hannunta, sai aka jawo ta. Rabonsu a ganimar kuwa bai taka kara ya karya ba. A 2015 kuma wasu malaman, Douglas Cumming da abokan aikinsa, suka dubi kamfanonin ƙasar Sin, suka ga inda ake da mata a kwamitin daraktoci zamba ta fi ƙaranci, kuma in an yi ta ba ta kai munin ta sauran ba.

Wannan gaskiya ne, amma a yi hattara da yadda za a fassara shi. Da farko, lokacin da aka yi waɗancan laifuka mata ba su da yawa a manyan kujerun, wanda kuwa ba ya ɗakin da ake rabon nama ba za a ga maiƙo a hannunsa ba. Na biyu, mai yiwuwa ne kamfanin da ke da tsari mai kyau tun asali shi ne yake ɗaukar mata, wato tsarin ne ya kawo matan kuma shi ne ya hana satar. An yi irin wannan muhawara a kan gwamnati. Wani binciken Bankin Duniya na 1999 ya nuna ƙasashen da mata suka fi yawa a majalisa cin hanci ya fi sauƙi. A 2003 wani malami, Hung-En Sung, ya ce a sake dubawa: ƙasashen nan su ne masu kotuna masu cin gashin kansu da jaridu masu 'yanci, kuma wannan ne ya fi tasiri.

Ni a nawa gani, ga inda gizo ke saƙar. Babbar zamba ba aikin mutum ɗaya ba ce. Sai an sami mai rubutawa, da mai sa hannu, da mai kau da kai. Wato gungu take bukata, mutanen da suka saba, suna hira tare, suna cin abinci tare, kowa ya san asirin kowa. A yawancin kamfanoni wannan gungu na maza ne. Macen da ta shigo, baƙuwa ce a wurinsu. Ba a kira ta wurin da aka ƙulla ba, ba ta ci ba, ba wanda ke bin ta bashin rufin asiri, saboda haka in ta ga alƙalami ya karkace tana iya tambaya. Mu mazauna Sabo da Zango mun fi kowa sanin wannan. Baƙo yakan ga abin da ɗan gari ya daina gani, kuma baƙo ya san in rigima ta tashi shi za a fara nunawa da yatsa, don haka yakan yi taka-tsantsan. To in haka ne, tambaya ita ce, me ke faruwa ranar da macen ta daina zama baƙuwa, ta zama ita ce mai gida, ba wanda ya isa ya ce mata don me?

Amsar tana nan gida Nijeriya, ba sai mun ƙetare teku ba. Bayan gyaran bankuna na 2004 zuwa 2005, wanda ya rage su daga 89 zuwa 25, kuɗi ya cika hannun bankuna, aka shiga ba da rance ba kan gado. Ran 14 ga Agusta, 2009, Gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar: Intercontinental, Union, Afribank, Finbank da Oceanic, aka kuma zuba Naira miliyan dubu 420 don kada su rushe da kuɗin jama'a. Huɗu daga cikin shugabannin maza ne. Ta biyar ita ce Cecilia Ibru ta bankin Oceanic, mace mafi shahara a harkar banki a wancan zamani, a bankin da iyalin mijinta suka kafa. A watan Oktoba na 2010 ta amsa laifi uku a gaban Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, aka ɗaure ta wata shida, aka ƙwace dukiyar da aka ƙiyasta ta kai wajen Naira miliyan dubu 190. A 2011 Ecobank ya haɗiye Oceanic. Masu ajiya sun tsira saboda gwamnati ta shigo, amma ƙananan masu hannun jari sun ji a jikinsu.

Haka aka yi a Amurka da Elizabeth Holmes, wadda ta kafa kamfanin Theranos a 2003 tana da shekara 19. Ta ce ta ƙera na'urar da za ta yi gwaje-gwaje barkatai da ɗigon jini daga ɗan yatsa. Attajirai suka zuba kuɗi har aka yi wa kamfanin ƙimar dala miliyan dubu 9. Kwamitin daraktocinta cike yake da manyan mutane, irin su Henry Kissinger da George Shultz, tsofaffin ministocin harkokin waje, amma yawancinsu ba su san kan gwajin jini ba, kuma ƙuri'ar yanke hukunci tana hannunta. Na'urar kuwa ba ta yin aikin da aka ce tana yi. Ku tuna fa, marasa lafiya ne ake ba sakamakon nan. A 2022 kotu ta same ta da laifin damfarar masu zuba jari, aka yanke mata shekara 11 da wata uku. Cikin waɗanda suka tona asirin akwai wata ƙaramar ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Erika Cheung, wadda ta rubuta wa hukuma abin da idonta ya gani.

Kun ga abin da ya haɗa Oceanic da Theranos, kuma shi ne ya haɗa su da Enron da WorldCom: shugaba ya yi ƙarfin da ba mai taka masa burki, daraktoci sun zama 'yan amshin Shata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi kuwa ƙadangare ba ya tambayar ko mai gidan namiji ne ko mace. In kuka koma kan matan WorldCom biyu ma haka ne. Cooper tana da ofishin da aikinsa shi ne bincike, tana da hanyar zuwa wurin daraktoci kai tsaye. Vinson kuwa tana ƙarƙashin waɗanda suka ba ta umarnin ne, albashinta a hannunsu. Wannan bai wanke ta ba, kotu ma ba ta wanke ta ba, amma ya nuna mana cewa inda aka zaunar da mutum yana da tasiri a kan abin da zai iya.

Akwai wasu abubuwa biyu da ya kamata mu sani, don 'ya'yanmu za su gamu da su. Na ɗaya, sau da yawa sai jirgi ya fara shan ruwa ake kiran mace ta riƙe matuƙi. Malamai biyu a Jami'ar Exeter ta Ingila, Michelle Ryan da Alex Haslam, sun nuna a 2005 cewa manyan kamfanonin ƙasar sun fi naɗa mata daraktoci bayan al'amura sun riga sun fara taɓarɓarewa. A nan ma, ranar da aka sauke shugabannin bankunan nan biyar, biyu daga cikin waɗanda aka kira su gyara mata ne: Funke Osibodu a bankin Union, da Suzanne Iroche a Finbank. Mutane sun riƙe sunan wadda aka sauke, sun manta da waɗanda aka kira shara. Saboda haka in kun ga mace tana shugabantar kamfanin da ke cikin rikici, ku fara tambaya, ta tarar da wutar ne ko ita ta kunna?

Na biyu, in mace ta yi laifi ba a yi mata sassaucin da ake yi wa namiji. Wasu masana tattalin arziki uku, Egan da Matvos da Seru, sun bi bayanan masu ba da shawarar zuba jari fiye da miliyan ɗaya a Amurka. Suka ga bayan an kama mutum da laifi, yiwuwar a kori mace ta fi ta namiji da kashi 20 cikin ɗari, kuma yiwuwar ta sami wani aikin ta gaza tasa da kashi 30. Wannan kuwa duk da cewa ɓarnar matan ba ta kai ta mazan tsada ba, kuma ba su cika maimaitawa ba. Namiji yana da abokai a sama masu cewa a yi masa uzuri, ita ba ta da su. Sun kuma ga wannan bambanci yana raguwa a kamfanonin da mata suka yi yawa cikin manajoji.

Shi kuma faɗar gaskiya yana da tsada, kada a ruɗe ku da lambar yabo. Mun ga yadda aka yi da Dora Akunyili, wadda ta riƙe hukumar NAFDAC daga 2001 zuwa 2008 ta sa ƙafar wando ɗaya da masu jabun magani. A watan Disamba na 2003 'yan bindiga suka buɗe wa motarta wuta, da kyar ta sha.

To yanzu ina muka dosa? A 2012 Babban Banki da shugabannin bankuna suka sa wa kansu burin mata su riƙe kashi 30 na kujerun daraktoci da kashi 40 na manyan manajoji. Tun daga nan an ga canji: an naɗa Nneka Onyeali-Ikpe shugabar bankin Fidelity a 2021, Miriam Olusanya a GTBank a shekarar nan ta 2021, Adaora Umeoji a Zenith a 2024. Abin farin ciki ne, kuma ina goyon baya. Amma kada wani ya ce tunda mace ce a kai, a sallami mai bincike. Wannan ba girmama mace ba ne, ɗora mata kayan da ba a ɗora wa namiji ba ne, kuma ranar da ta yi tuntuɓe za a ce ai duk mata haka suke.

Bari in dawo da maganar cikin unguwa. Ga iyayenmu maza masu riƙe da ƙungiya da kwamitocin kasuwa: ku sa mata a inda ake taɓa kuɗi da inda ake yanke shawara, ba a wurin girki da rabon kujeru ranar taro kaɗai ba. Kuma kada a sa guda ɗaya don ado. Mace ɗaya a tsakanin maza goma, in ta yi tambaya sai a ce ta fiye tsiwa, gobe sai ta ja bakinta. In su biyu ne ko uku, maganar ɗaya tana da mai dafa mata.

Ga iyayenmu mata kuma, musamman masu adashi da asusun taimakon juna: yarda da uwar adashi ba ta hana rubutu. A sami littafi. Mai karɓar kuɗi daban, mai rubutawa daban. Kada kuɗi ya fita daga asusu sai da sa hannun mutum biyu, kuma kada su zama 'yan gida ɗaya. A karanta lissafi a gaban kowa lokaci-lokaci, a sami wani daga waje ya duba sau ɗaya a shekara, kuma kada kowa ya dawwama a kujerar ma'aji. Wadda aka ce ta kawo lissafi kada ta ji haushi, ai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mai gaskiya ma wannan tsari shi ne garkuwarta ranar da masu tsegumi suka taso.

Ku kuma ƙannena da 'ya'yana masu karatu da waɗanda suka fara aiki, ku saurara da kyau. Ranar tana nan zuwa da wani babba zai miƙo miki takarda ya ce sa hannu kawai, wata mai zuwa za a gyara. Kada ki sa hannu a kan abin da ba ki gane ba. In an ba ki umarnin da bai kwanta miki ba, ki ce a ba ki a rubuce. Ki san ƙofar da ake kai ƙara a wurin aikinki tun kafin ki bukace ta. Ki tuna sa hannunki shi kotu za ta karanta, ba abin da aka raɗa miki a kunne ba. In kuma Allah ya ɗaukaka ki kika zama ke ce babba, to ki ajiye kusa da ke mutumin da zai iya ce miki Hajiya, wannan ba daidai ba ne, kuma ki bar shi a kan aikinsa bayan ya faɗa.

Mu kuma iyaye da mazaje, in 'yarmu ta dawo gida ta ce ta ƙi sa hannu kuma ana neman korar ta, kada mu ce ta yi haƙuri ta bi su don kada a rasa albashi. A irin wannan rana ce take bukatar gida ya tsaya mata.

Ranka ya daɗe Sarki, shugabanni, iyaye da 'yan'uwa, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.